Garken Awakin Gabas da Fili

Ranar da Mai Unguwa ya tara mu kan faɗaɗa filin shaƙatawar unguwarmu a Kazaure, har sabuwar hula na kafa. Da aka nemi shawara, na miƙe.

"Ranka ya daɗe, a fara tashin ƙazamin garken awakin nan na gabas. Mai shi ko kunya ba ya ji."

Wuri ya yi tsit. Na ɗauka maganata ce ta ratsa su, na ƙara da zancen wari.

Sai surukina ya ɗago kai. Ashe shi ya sayi garken bara.

"Malam, yaushe kake so in kwashe?"

Ta yamma aka faɗaɗa filin. Har yau in akuya ta yi kuka, matata sai ta ce, "Maigida, surukanka na gaisuwa."