Kaka Genovaite Ta Yi Sabon Miji

"Lale da tsohon mijina! Sunkuya dai, sunkuya, kada ka sake fasa min kan ƙofa."

Daumantas ya sunkuya kamar yadda ya saba tun yana saurayi, ya shigo da ƙafar dama, sannan ya jawo ta hagu yana ɗingishi. Shekararsa talatin da takwas. Ya buga ƙwallon kwando a Sifen, ya buga a Turkiyya, ya dawo gida Klaipeda ya zama kyaftin ɗin ƙungiyar Masunta. Ranar Asabar za su kara da Kambi ta Vilnius a wasan ƙarshe na cin kofi, kofin da bai taɓa ɗagawa ba, kuma kowa ya san daga wannan wasa zai jingine takalmansa. A titi tsayar da shi ake yi a ɗauki hoto. Amma a kicin ɗin kakarsa Genovaite, a tsibirin Rusne, shi ba kowa ba ne face dogon yaron da ke cinye mata burodi.

"Sannu da gida, tsohuwa. Ashe kina nan? An ce min ambaliyar bana ta kwashe duk tsofaffin kayan tsibirin nan."

"Ta zo har bakin ƙofa tana cigiyarka. Na ce mata kana Klaipeda kana jan ƙafa. Ina aikena?"

"Ko ruwa ba za ki ba ni ba?"

"Ga kogi can a bayan gida. Ina aikena?"

Ya miƙa mata leda, ya zauna a kan bencin da ke jikin taga, gwiwoyinsa suka kusa taɓo haɓarsa. Ta ajiye wuƙar da take feraye dankali da ita, ta goge hannu, ta zaro rigar da ke ciki ta ɗaga ta sama. Shuɗiya ce, rigar Masunta, da sunansa ɓaro-ɓaro a baya.

"Wannan kuma tsumman goge tukunya ne?"

"Rigar mijinki ce. Har hannu na sa miki a jiki."

"Ka ɓata ta ke nan. Ni ja na ce maka a waya. Ja, mai kambi a ƙirji, mai sunan Kajus a baya. Ko kunnen ma ya bi gwiwar?"

"Kaka, ki ji tsoron Allah. Ni zan shiga kanti a tsakiyar Klaipeda, ana saura kwanaki mu kara, in ce a ba ni rigar Kajus, tauraron Kambi? Ai kafin in kai mota hotona ya zaga ƙasar nan."

"Da sai ka ce musu ta matarka ce da ta gudu ta bar ka. Za su tausaya maka."

"Au, har kin gudu?"

"Tuni! Na yi sabon miji, ka ji da kyau. Yaro ɗanye shar, gashi har kafaɗa, gwiwoyinsa biyu duk nasa ne, babu ƙarfen asibiti a ciki. In ya tashi sama sai na sha shayina na ajiye kafin ya sauko."

"Yaron da aka haifa ina aske gemu?"

"Shi ya sa. Na gaji da tsofaffi."

"Ke kuma me zai yi da ke? Amaryar da ta girmi gadar garin nan?"

"Gadar an yi mata gyara sau nawa? Ni fa?"

Ya miƙa hannu ya yago bandar kifi daga faranti, ta buge masa yatsu da cokali, amma ta turo masa baƙin burodi da man shanu.

"Ci, ko ka sami ƙarfin gudu a bayansu. An ce sun sayo Amurkawa biyu, da wani ɗan Sabiya da sai an cire rufin bas kafin ya shiga, da Bafaranshen nan mai jefawa daga wajen gari. Wanda ke ɗumama musu benci, da a wajenku yake, da an ba shi makullin Klaipeda. Ku kuma wa gare ku? Kai, da ɗan mai gyaran keke, da yaron nan mai rufe ido in zai jefa ƙwallo."

"Addu'a yake yi."

"To ya ci gaba, ita kaɗai ta rage muku."

"Taurari sun yi musu yawa, Kaka. Mutum biyar, ƙwallo ɗaya. Kowa so yake a gan shi. Za su yi ta harara ne a tsakaninsu."

"Su yi ta harara suna zura muku. Ni dai a dangin nan ni kaɗai ce mai kofi."

"Wanda haƙoranki ke kwana a ciki?"

"Shi ma kofi ne. Kai ina naka?"

Ya ƙware da burodi, ya yi ta tari yana dariya. Ita ko murmushi ba ta yi ba, ta ci gaba da feraye dankalinta.

"Kana dariya, ka manta wadda ka gado. Lokacin da nake buga wa masana'antar kifi, babu wanda ya isa ya wuce ta gabana. Akwai wata 'yar birnin Riga mai tsayin sandar lantarki, na tashi na buge ƙwallon daga hannunta har ya fasa tagar ofishin manaja."

"Bara kin ce 'yar Minsk ce."

"Su biyu ne. Ɗaya a kan kafaɗar ɗaya."

"Kuma kina da cikin babana."

"Wata tara cif. Da takalmin roba na aikin kifi, ba irin naku mai iska a ciki ba. Ana tashi daga wasa na wuce asibiti da ƙafata."

"Shi ya sa Baba ya fito gajere. Kin girgiza shi."

"Tsayin ya tsallake shi ya faɗo a kanka, ya yi asara. Ga ka nan kamar shamuwar da ke kan sandar can, sai ƙafa, babu nama. Na ji ma an ce za a yi maka mutum-mutumi a bakin tashar jirgin ruwa."

"Ana maganar."

"Tsuntsayen teku sun gode. Sun daɗe suna neman wurin yin kashi mai tsayi."

Ya juya yana kallon taga, yana murza gwiwar hagu da tafin hannu. Tun daga Klaipeda yake shirya yadda zai faɗa mata, ya tsara maganar a mota, ya rushe, ya sake tsarawa. Makon nan kaf ya yi shi yana kallon bidiyon Kajus, yadda yaron ke yin kamar zai bi dama ya bi hagu, ya bar manyan maza a zaune a ƙasa suna kallon rufi. Duk lokacin da ya kalla, tasa fuskar yake gani a jikin wanda ya faɗi.

"Kaka, da wuya in buga ranar Asabar."

Wuƙar ta tsaya a jikin dankalin. Ba ta ɗago ba.

"Likita ya hana?"

"Ya ce gwiwar ta gaji."

"Ba abin da na tambaye ka ba ke nan. Ya hana?"

"Ya ce zaɓi nawa ne."

"Ashe gwiwar ba ta ce komai ba, mai gwiwar ne ke magana."

"Ba za ki gane ba. Shekara ashirin ina gina sunan nan. In na shiga yaron nan ya zaunar da ni a gaban duk ƙasa, shi ke nan abin da za a tuna. Za a yi ta maimaita shi a waya har jikokina su gani. In kuwa na zauna a benci da kwat, za a tafa min, a ɗaga rigata sama, a ce da yana ciki da an ci."

"A ce da yana ciki." Ta jefa dankalin a ruwa. "Wannan shi ne gadon da za ka bari? Da yana ciki? Sai a rubuta a gindin mutum-mutumin, tsuntsaye su karanta."

"Kaka..."

"Wa zai tuna? Mutanen nan da ba sa tuna inda suka ajiye tabarau? Ni abin da nake tunawa da kai ɗaya ne. Kakanka ya fasa gindin kwandon kifi ya kafa maka a jikin rumbu don jefa ƙwallo, 'yar maƙwabtanmu Aldona ta zo da siket ɗinta ta lallasa ka a wasan. Ka yi kuka har da majina, ka ce a sake. Ta sake lallasa ka, ka ce a sake. Sai da uwarta ta zo ta janye ta, kana biye da su har ƙofar gida kana cewa a sake. Wancan yaron na aura. Wannan na zaune ban san shi ba, shi ya sa na nemi wani."

Ta dube shi ta gefen ido, ta yi ajiyar zuciya irin ta wadda ta haƙura.

"To shi ke nan. Tunda ka zama majinyaci, bari in yi maka abin da ake yi wa majinyata. Ganyen kabeji da zuma, a ɗaure gwiwar, kamar yadda nake yi wa kakanka."

Ta jawo 'yar kujera ta taka, ta miƙa hannu can saman kanta inda kwalaben zuma suke jere.

"Sauko, Kaka, bari in ɗauko miki."

"Zauna, gurgu. Kada likita ya kama ni."

Ta jawo babbar kwalbar har bakin kantar. Sai kwalbar ta sulluɓe.

Bai san lokacin da ya tashi ba. Benci ya kife, ya tsallake kwandon dankali da taku ɗaya, ya miƙe tsawonsa ya cafe kwalbar da hannun dama saura kaɗan ta taɓa ƙasa, hannun hagu kuma ya tallafe tsohuwar a ƙugu. Duk nauyinsa, da nata, da na zumar, a kan ƙafar hagu suka sauka. Gwiwar ta yi ƙara, ta yi zafi kamar an soka mata allura, amma ta tsaya daram.

Genovaite ta leƙo ta saman tabarau, ta dubi ƙafar, ta dubi fuskarsa.

"Wacce ce ma mai ciwon? Na manta."

"Da gangan kika yi."

"Ni? Tsohuwa mai rawar hannu?"

"Na ga lokacin da kika ture ta da yatsa!"

"Ashe idon ma yana aiki."

"Da ban cafe ba fa?"

"Da ka share min kicin. Ka ga ka fara koyon sana'ar da za ka yi bayan Asabar."

Ya sauke ta ƙasa a hankali. Ya so ya ɗaure fuska, abin ya gagara. Dariya ta ƙwace masa, irin wadda ya daɗe bai yi ba, har sai da ya dafa tebur yana share hawaye da bayan hannu, kwalbar na rungume a ƙirjinsa.

"Kin ci, tsohuwa. Kin ci. To faɗa min gaskiya, tsakaninki da Allah. Za mu iya da su?"

"Ku? Ina! Za su yi muku dukan tsiya." Ta gyara ɗankwalinta. "Sai dai in sun yi sake. Masu kuɗi kuma akwai sake. Ni dai abin da nake so, ko sun ɗauki kofin, su koma Vilnius suna tambayar juna wane ne wannan tsohon da ya hana su numfashi. In sabon mijina ya zaunar da kai, ka tashi ka ce a sake."

Ya ciro waya ya kira kocinsu. Ana ɗagawa, kafin ya buɗe baki, ta fizge wayar ta kafa a kunne tana ɗaga murya kamar mai kiran jirgi daga tsallaken kogi.

"Kai ne mai horar da su? Kakarsa ce. Na duba muku shi. Tsoho ne, yana ƙara in ya motsa, amma zai kai ku Asabar. Ka tanadar min kujera a gaba, inda alƙalin wasa zai ji ni. In kun gama da shi ku dawo min da abina, rufin rumbuna yana yoyo kuma ba ni da tsani."

Ta miƙa masa wayar, ana jiyo dariyar kocin daga ciki. Sannan ta ɗauko ƙaton kabeji daga ƙarƙashin tebur ta ɗora masa a kan kwalbar zumar.

"Tafi da su duka, na ba ka. Ganyen a gwiwa, zumar a kan ganyen. Kada in ji ka cinye."