Barmo da Na'urar Korar Ɓeraye

A ƙauyenmu na Tudun Kanya akwai gidan Inna Kande, ita da 'ya'yanta biyu. Babban shi ne Barmo, ƙato mai kirki, sai dai abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Ƙanwarsa Lantana kuwa aikin lantarki ta karanto a birni. Da ɓeraye suka addabi rumbun geron da gidan zai ci har kaka, sai ta haɗa wata 'yar na'ura kamar kwalin ashana, mai kunna wuta da kashewa sau dubbai kafin ƙiftawar ido. Hakan ke fitar da siririyar ƙara wadda mutum ba ya ji, amma ɓera ba ya jure mata.

Wata rana Lantana za ta kasuwa, ta ce, "Yaya, kada ka bari na'urar ta yi zafi." Ta dawo ta tarar da ita tsundum cikin randa. "Taɓa ki ji," in ji Barmo, "sanyi ƙalau." Sai da aka shanya ta a rana, aka sake mata wayoyi.

Wata rana kuma ta yi masa bayani cewa duk aikin na'urar kunnawa ne da kashewa da sauri. Barmo ya tausaya wa 'yar abar, ya zauna gindin rumbu yana taya ta, yana danna makunni tun hantsi har la'asar. Yatsa ya kumbura, makunni ya karye, ɓeraye na wucewa ta kan ƙafarsa. Na yi dariya har da hawaye, amma Inna ba ta yi ba, don gero sai raguwa yake.

Wata rana, bayan Lantana ta sake gyara ta, ta miƙa masa a gajiye. "Yaya, kai ta inda ɓerayen suke." Rumbu take nufi. Barmo ya leƙa rumbu bai ga ko ɗaya ba, sai ya bi sawunsu da rarrafe har gindin katanga, ya ɗauko fartanya ya hau tono. Inna ta fito tana salati, "Barmo, gidan za ka rushe mana?" Ashe can ne babban raminsu, ta ƙarƙashin ƙasa suke shiga rumbun. Ya cusa na'urar ciki. Sai ga ɓeraye sun fito duu, manya da ƙanana, sun nausa daji. Aka yi ta kwasar geron da suka tara, Inna na guɗa, Lantana na dariya.

Barmo kaɗai ya ɓata rai. Ya ce, "Har gida na kawo musu, amma suka tafi ko sannu babu."