Ranar da Na Kulle Muryar Baba

Ba zan taɓa mantawa ba da Sallar layyar da na tara dangi a ƙauyenmu Tajaye don su ji muryar Baba, buɗe ta kuma ya gagare ni.

Lokacin da Baba, Allah ya jiƙansa, yake zuwa ci-rani Abijan, kaset yake aiko wa Inna maimakon wasiƙa. Bayan rasuwarsa zaren kaset-kaset ɗin ya fara cinyewa. Ni kuwa, Mushe, wato malamin lakwal, makarantar boko, a Konni mai ji da kansa, na juye su duka a kwamfuta, na ɗora a ma'ajiyar intanet, na yi musu kullen da ko masu ma'ajiyar ba sa iya leƙawa. Da yake suna da nauyi, sai na goge na cikin kwamfutata (kada ku tambaye ni dalili).

Washegarin Sallah aka shimfiɗa tabarmi. Inna, wadda idonta ya riga ya tafi, ta ɗaura sabon zani ta zauna a gaba. Har jawabi na yi kan ci gaban zamani! Na jona kwamfuta da wayar yayata, na sa kalmar sirri, sai aka ce an aiko lambar buɗewa ta wayata.

Sai a nan na tuna. A Konni, da yake bakin iyaka ne, da layin Najeriya nake shiga intanet don ya fi araha, shi na ba su. A Tajaye kuwa layin ba ya ko motsi. Na ɗaga waya sama, na hau turmi, na zagaya rumbu, jama'a na kallo.

"Ya hwara magana ne ban jiya ba?" in ji Inna.

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Taubashina Sale ya yi dariya har da riƙe ciki. "Kai, Mushe! Tsoho ya gama wahalar Abijan, kai kuma ka kai shi Najeriya ka rufe?" Amma yana faɗa yana tayar da moto, wato babur ɗinsa. "Miƙo wayagga. In na kusa Konni sai ka sake tambaya, in karanto ma ta layinmu na gida."

Ya bar namansa a kwano ya kama hanya cikin rana. Mu kuma muka zauna, kowa na yi mini sannu kamar mai jinya.

Wajen la'asar ya kira wayar yayata, na sake tambaya, ya karanto mini. Na sa lambar, abin ya yi ta juyawa, sai ga muryar Baba: "Salamu alaikum. Hajo, kin wuni lahiya?"

Inna ta gyara mayafi. "Lahiya lau, Malam. Ka daɗe."

Ba wanda ya sake dariya, ni ma hawaye nake. Har gobe ina yi wa Sale godiya, shi kuma har gobe bai daina tsokanata ba, kuma na yafe. Na dai koyi cewa in za ka kulle abin dangi, ka tabbata mabuɗin zai iya bin ka har ƙauye.