Rasuwar Famfon Ƙauyen Sarisang

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kafaɗa mai tsami, Nazarali ɗan Shodmon, mai riƙe da makullin tankin ruwa na ƙauyen Sarisang da ke can cikin duwatsun ƙasar sanyi, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Famfo Mai Aiki da Hasken Rana. Wata ƙungiyar agaji ce ta kawo shi shekara huɗu da suka wuce, aka yanka masa tunkiya ranar suna.

Marigayin mutumin kirki ne. Rana na leƙowa daga bayan dutse zai ce "gurrr, kuf-kuf-kuf," ya tura ruwa har tankin da ke kan tudu. Wata bakwai cur mata ba su gangara kogi ba, har Mohbegim matar Nazarali ta yi kumatu.

Ciwon ajali ya kama shi a sanyin farko. Ramin da aka binne bututunsa ko kamu ɗaya bai kai ba, ƙanƙara ta bi shi ta fasa masa ciki. Maganarsa ta ƙarshe ita ce "kuf."

A nan ne Nazarali yake jin nauyi ƙwarai. Da sanyi ya wuce, 'yan ƙungiya suka aiko za su zo duba aikinsu. To, a Sarisang ba a kunyata baƙo, balle wanda ya yi maka kyauta. Aka fito da jakuna goma sha ɗaya, aka wuni ana jido daga kogi har tanki ya cika. Baƙi suka murɗa kan famfo, ruwa ya zubo, aka tafa, aka ɗauki hoto. Baturiyar da ta jagorance su ta tambaya ko akwai matsala. Nazarali ya dafa ƙirji ya ce, "Matsala? Sai godiya, ranki ya daɗe. A ƙara miki shayi?"

Sau uku ana haka, don haka ba a taɓa turo mai gyara ba. An ma ce a rahotonsu Sarisang ce ta ɗaya, har an yi irinsa a ƙauyuka arba'in. Allah Ya ba jakunansu haƙuri.

"Baban Sitora," in ji Mohbegim ga mijinta, "kai kana shan yabo, ni ina shan hawa da gangara. Ko ka faɗa musu ya mutu, ko ka ɗauki jarka da kanka." Kwana biyu ya yi yana ɗauka, sannan ya nemi alƙalami ya rubuta wannan sanarwa.

Marigayin ya bar faifan sola shida, waɗanda yanzu ake shanyar tuffa a kansu, da allon ƙarfe mai tambarin ƙungiya, wanda lafiyarsa ƙalau, da marayu gida tamanin.

An sa jana'iza ranar Alhamis bayan azahar, a gindin tanki. Sai dai jiya takarda ta iso cewa baƙi na tafe ranar Alhamis ɗin, har da shugabansu daga Turai, za su ba marigayin lambar yabo. Dattawa sun zauna, sun ga ba a tarar baƙo da gawa, saboda haka an ɗage jana'iza zuwa Juma'a.

Duk mai jaki ya fito da shi Laraba da hantsi. Mohbegim ta ce nata jakin ya gaji, Nazarali ne zai tsaya a madadinsa.