Fedar da Ta Raba Ni da Benci

Tun da na yi ritaya, wurin hirata ɗaya ne: rumfar Malam Sani mai gyaran keke a Ƙofar Marusa. Yana cusa wa boris ɗin fedar kekena, 'yan ƙwallayen ƙarfen da ke sa ta juyawa, giris, ina kan benci muna taɗi.

Sai na sayo feda mai rufaffen boris, ba ta son giris, ƙasa ba ta shigarta. Na ɗaga murya a rumfar: "Daga yau na huta da zaryar nan."

"Allah ya sanya alheri," in ji Malam Sani.

Fedar ta cika alkawari. Kullum la'asar ina ƙofar gida, daga ni sai keke. Girman kai ya hana ni komawa ba dalili.

Da abin ya ishe ni, na ɓamɓare murfin fedar da ƙusa, na ɗura mata yashi, na turo keken rumfa ina marairaicewa.

Malam Sani ya dubi sawun ƙusar. "Irin wannan ba ta gyaruwa, sai canji. Amma Malam, benci ai kyauta ne."

Har yau in na doso, sai 'yan rumfar su ce: "Ku ɓoye ƙusoshi, Malam ya yi kewarmu."