Ranar da Na Kai Ƙarar Malam Sabo

Ba zan taɓa mantawa ba da Alhamis ɗin da na miƙe a gaban mutum shida na kai ƙarar bawan Allah da bai yi mini komai ba.

Lokacin ina watan ƙarshe na gwaji a wani ɗan ofis a Kwanar Dangora, saman shagon iri da taki. Manhaja muke rubuta wa ƙungiyar manoman Kiru da Bebeji, ta kama layin tarakta. Kullum daga Yako nake hawo acaɓa, ina kallon dawa tana rausaya ina haɗa baitoci a raina (sau biyu ana wucewa da ni ofis ban sani ba). In na yi abin kirki Hajiya Rabi, shugabarmu, ta riƙe ni. In ban yi ba, in koma gida.

Ran Litinin ta ba ni aiki. Akwai manhajar da ke ɗauko mana duk kayan aron da aikinmu ya dogara da su, wato ƙananan manhajojin da wasu suka rubuta, muna ce mata Dillaliya. Ta tsufa, sababbin kaya ba sa jin maganarta. Aka ce in sabunta ta kafin Alhamis. Ita kuwa a cikin kwantena take, wato wani ɗan ɗaki a cikin kwamfuta inda muke duk aikinmu.

Na shiga kwantena, na sabunta ta, komai ya tafi sumul. Har na saya wa kaina awara. Talata da safe na buɗe, sai ga tsohuwa zaune daram kamar ba ta taɓa motsawa ba. Na sake sabuntawa. Nan zuciyata ta fara kai ni kan Malam Sabo, babban mai rubuta manhajarmu. Shi ya kawo tsohuwar tun farko, shi ke riga kowa zuwa, kuma mutum ne da hularsa ɗaya tun da na san shi. Na ce ai mai irin wannan hali ba zai so canji ba.

Da yake ban iya faɗa ba, sai na rubuta masa waƙa, na ajiye a cikin kwantenar inda zai gani:

"Ya kai mai sammako, bar mini sabuwa ta kwana,
Ba kujerarka na zo ci ba, abinci na zo nema."

Laraba na buɗe. Tsohuwa ta dawo, waƙa ta ɓace. Aikina zan iya yafewa, amma waƙar ta yi mini ciwo.

Ran Alhamis a taro Hajiya ta ce, "Ina aka kwana da Dillaliya?"

Na miƙe, na gyara mayafi. "Hajiya, sau biyu ina sabunta ta, ana bin bayana ana rushewa. Ba zan kama suna ba, amma Allah na ganin mai zuwa da sassafe."

Duk ido ya koma kan Malam Sabo, yana tsaka da kurɓar shayi.

"Ƙanwata," ya ce a hankali, "haɗa kwamfutarki da majigi, ki sabunta mu gani."

Na yi, da ƙwarin gwiwa kuwa. Sabuwa ta fito a bango.

"Madalla. To rufe kwantenar. Sake tayar da ita."

Na rufe, na tayar. Tsohuwa ta bayyana a bango da manyan baƙaƙe, alhali hannun Malam Sabo bai bar kofinsa ba.

"Kin taɓa fayil ɗin gini?" in ji shi.

"Wanne?"

"Wanda ake gina kwantenar da shi. Duk sanda kika rufe, rushe ɗakin ake yi, a sake ginawa yadda fayil ya ce. Bukkar makiyaya kike ta yi wa daɓe, su kuma kullum tashi suke."

Layi ɗaya ne. Ya nuna mini, na canza lambar tsohuwa zuwa ta sabuwa, shi ke nan. Na so ƙasa ta tsage in faɗa shagon taki. Da na yi shiru a nan da na tsira, amma bakina ya ce, "Ashe ba kai ka goge waƙar ba."

"Wace waƙa?" in ji Hajiya.

Ta sa na karanta, a tsaye. Da na zo kan "abinci na zo nema", Malam Sabo ya turo mini ƙosansa. Hajiya ta yi dariya har ta cire tabarau, sannan ta ce tunda aiki ya gyaru in zauna, amma in fara ba shi haƙuri. Na durƙusa har ƙasa.

An riƙe ni. Har yau in na shigo sai ya ce, "Ƙanwata, an tashi lafiya? Yau me na goge?"

Tun daga ranar, kafin in zargi mutum sai na fara duba fayil ɗin gini. Waƙa kuwa a littafi nake rubuta ta, littafin kuma ba ya barin jakata.