Gumbar da Na Daka wa Mai Rai

Zamanin soja ne, kasat ɗin finafinan Kano sun fara shigowa Filinge. Akwai wani ɗan wasa mai wushirya da nake mutuwar so. Ran kasuwa wani direba ya kawo labari wai ya rasu. Ban tambayi kowa ba. Na ɗebi hatsin maigida, na daka gumbar sadaka, na raba gida-gida ina sharar hawaye.

Maigida ya ɗanɗana, ya ce, "Wa ya mutu?"

Na faɗa masa.

Ya ce, "To, in tawa ta zo, ki yi mini ko rabin wagga."

Bayan sati biyu sai ga mamacin a rediyo, yana gaida masoya.

Har yau in na yi kwalliya, matan unguwa sai su ce, "Barka da hita takaba!"